Mai Ƙari Ya Faɗe Shi a Gaban Jama'a: Martani ga Mai Kare Tayin Bayan Fage

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci, wanda nake ganin girmansa, ya yi rubutu yana kare wata ɗabi'a da ke neman samun gindin zama tsakanin masu ciniki ta waya a wannan yanki namu na Aliero, Jega da Maiyama. Ga yadda abin yake. Manomi ko dillalinsa zai ɗauki hoton albasa, ko bidiyon rago, ya sa a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, ya ce a taya, wanda ya fi kowa zuwa bayan sallar isha'i shi ke da kaya. Mutane su shiga tayawa, wannan daga Anaca, wancan daga kasuwar Mile 12 ta Legas, wani daga nan Jega. Ana cikin haka sai wani da bai ce uffan ba a zauren ya zagaya ya kira mai kaya shi kaɗai, ya ce masa ga abin da zan ba ka, yanzun nan za ka ji alat, kai dai ka sauke hoton ka ce kaya sun tafi.

Malam marubucin ya ce babu aibi a nan. A ganinsa kaya na mai kaya ne, shi ke da sallama, kuma muddin bai sallama wa kowa ba, ciniki bai faɗa ba, kowa na da ikon zuwa masa ta hanyar da ya ga dama. Ya kawo bayanin Imam Malik ya kafa hujja da shi. Ya ƙara da cewa albasa ba ta jira, kuɗin hannu ya fi alkawarin wanda ba ka gani, sannan manomi zai tsira da la'adar da dillali zai yanka. Na karanta rubutun a tsanake, kuma ban yarda da shi ba. Wanda zai fi cutuwa da wannan shawara shi ne manomin da Malam ke ganin yana karewa.

Bari in fara da inda ya fi jingina, wato fiƙihu. Abin da ya ɗauko daga Muwaɗɗa gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi karatun zaure ya haɗu da irinsa a Risala ta Ibn Abi Zaid. Hadisi ya hana mutum yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Imam Malik ya yi bayani cewa hanin yana hawa ne lokacin da mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye, har sun shiga maganar yadda za a biya da aibin da ke jikin kaya. Amma kayan da aka tsayar don sayarwa, mutane da yawa suna taya, babu laifi wani ya ƙara a kan wani. Har nan muna tare da Malam. Sai dai ya tsaya a tsakiyar bayanin, bai kai ƙarshensa ba. Imam Malik ya faɗi dalilinsa: da za a ce kowa ya janye da zarar mutum na farko ya taya, da an riƙa karɓe kayan mutane da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, cutar ta koma kan masu sayarwa. Ke nan an buɗe ƙofar ƙari ne domin farashi ya kai inda ya kamata ya kai, mai kaya ya amfana. To shi mai kiran bayan fage me yake nema? Yana neman a rufe gwanjo tun farashi bai gama hawa ba. Ba daidai ba ne a ɗauki rangwamen da aka yi don kare mai kaya daga faɗuwar farashi, a mai da shi hujjar tsayar da farashin.

Asalin gwanjo a wurinmu ma sananne ne. Anas ɗan Malik ya ruwaito labarin mutumin nan Ba'ansare da ya zo roƙo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka tambaye shi abin da ya mallaka a gida, ya kawo shimfiɗa da ƙwarya. Annabi ya ɗaga su ya tambayi mai saye. Wani ya taya dirhami ɗaya. Aka tambaya ko akwai mai ƙari, wani ya ba da dirhami biyu, aka sallama masa. Labarin yana cikin Sunan na Abu Dawud da wasunsa. Abin lura a nan, mai dirhami biyu ya faɗi ƙarinsa ne a majalisin, mai dirhami ɗaya yana ji, kuma da yana da uku da ya faɗa. Wannan shi ne ƙarin da malamai suka halatta, kuma shi ne ni ma nake karewa.

Yanzu mu bar littafi mu shiga zuciyar ɗan kasuwa, domin a nan ne maganar take. A ce tayi a zaure ya kai naira dubu 40 kan buhu, saura awa uku a rufe. Mai zagayen nan ya kira manomi ya ce zai ba da dubu 45 idan za a sallama masa yanzu. Malam yana ganin manomi ya ci ribar dubu 5. Ni kuwa tambayata ita ce, me ya hana shi rubuta dubu 41 a zauren kamar kowa? Da yana da yaƙinin gwanjon zai tsaya ƙasa da dubu 45, da ya zauna a zaure ya saya da araha, don babu ɗan kasuwar da ke kyautar dubu 5 a kan kowane buhu don Allah da Annabi. Ya zagaya ne saboda lissafinsa ya nuna masa cewa kafin isha'i farashin zai wuce abin da ya bayar. Shi ya san yadda aka tashi kasuwa a Anaca da safiyar nan, ya san motoci nawa suka sauke, ya san wanda ke da oda a hannu. Manomin da ke gonarsa a fadama bai san ko ɗaya ba. Gwanjo shi ne hanya ɗaya tilo da wannan sani na manyan 'yan kasuwa ke fitowa fili ya zama kuɗi a aljihun manomi, domin gasa tana tilasta musu su faɗi gaskiyar darajar kaya ko ba su so. Wanda ya rufe gwanjo da kiran waya ya rufe wa manomi wannan hanya ne, kuma ya yi hakan bayan ya gama leƙen tayin wasu ya auna inda zai sa nasa.

Na sani ba kowane mai kira ne ke da mugun nufi ba. Akwai wanda motarsa ke tsaye a bakin titin Sakkwato zuwa Jega, saura buhu kaɗan ta cika, direba yana ta matsa masa. Uzurinsa karɓaɓɓe ne, kuma maganinsa mai sauƙi ne. Ya rubuta a zaure: ina da mota tsaye, na ba da kaza idan mai kaya zai sallama yanzu. Kowa ya gani, mai ƙari ya ƙara nan take, idan babu, mai kaya ya yanke shawara ido na ganin ido. Gaggawa ba ta buƙatar sirri. Abin da ke buƙatar sirri shi ne tsoron kada wani ya ƙara.

Shari'a ta san irin wannan zagaye tun da daɗewa, ko da yake a wata siffa. An hana tarbar ayari a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, har a ruwayar Muslim an ba mai kaya zaɓin warware cinikin idan ya iso kasuwa. Ibn Rushd a Bidayatul Mujtahid ya kawo saɓanin malamai kan hikimar hanin: Imam Malik yana ganin don 'yan kasuwa aka yi shi, kada mutum ɗaya ya keɓanta da arahar kaya ya bar sauran, Imam Shafi'i kuwa yana ganin don mai kaya ne, kada a cuce shi alhali bai san farashin gari ba. Ban ce kiran bayan fage shi ne tarbar ayari ba, yanke wannan hukunci aikin malamai ne. Amma duk mai adalci zai ga cewa cutarwar nan biyu da malaman suka ambata, dukkansu sun taru a cikinsa. Akwai kuma wata mas'ala a Mukhtasar na Shehu Khalil da ta fi kusa da namu: ya halatta mai saye ya roƙi wani daga cikin masu taya ya daina ƙari, amma bai halatta ya roƙi dukkansu ba, domin hakan cutar da mai kaya ne. Mai kiran asiri ya rufe bakin dukkan masu taya a lokaci guda, bai ma yi musu ladabin roƙo ba.

Sai maganar cewa kaya na mai kaya ne. Haka ne, babu ja. Mai kaya yana da ikon ya dubi tayin kowa ya ce albarka, ya mayar da albasarsa rudu ya jira farashi ya tashi. Babu wanda zai tilasta masa sayarwa a kan abin da bai gamsu da shi ba. Amma wa ya ce wanda ya fi kowa zuwa isha'i shi ke da kaya? Shi ya faɗa, da bakinsa, ba wanda ya sa shi. A kan wannan magana mutane suka ɗaure kansu. Wanda ya taya a gwanjo, tayinsa ya hau kansa, idan aka sallama masa ba shi da ta cewa sai biya. Saboda haka ya riƙe kuɗinsa, ya ƙi taya wasu kayan da ya gani, watakila ya riga ya yi magana da mai mota da 'yan dako. Yaya za a ce mai saye ɗaurarre ne da maganarsa, mai sayarwa kuwa sakakke ne daga tasa? Cika alkawari da tsayawa kan sharaɗi ba a ɗora su a kan ɓangare ɗaya ba. Kuma mu duba kalmar da ake sa manomi ya faɗa bayan ya karɓi tayin ɓoye. Ba ya iya cewa na sayar wa wane a kan kaza, don kunya za ta kama shi. Sai ya ce na fasa sayarwa, ko ɗan'uwana ya ce yana so, ko ya goge hoton ya kashe waya. Cinikin da ba ya kammala sai an rufe shi da ƙarya ko da ɓuya, akwai abin dubawa a cikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da zai biyo baya, wanda Malam bai waiwaya ya duba ba. Mutumin da aka yi wa haka sau ɗaya, sau biyu, ba zai sake faɗin tayinsa na gaskiya a zaure ba. Zai gane cewa tayinsa ma'auni ne kawai da wani ke amfani da shi. Sai shi ma ya koma ya yi shiru, ya jira wasu su taya, ya zagaya. Ranar da kowa ya koyi wannan dabara, manomi zai sa hoton albasarsa ya ga zaure tsit, sai kiraye-kirayen asiri, kowane mai kira yana ce masa kasuwa ta faɗi. Ya koma inda ya fito ke nan, mutum ɗaya a gaban mai kuɗi ɗaya. Kuma ɗabi'ar tana buɗe wa masu kaya marasa tsoron Allah wata ƙofa. Annabi ya hana najashi, wato mutum ya taya kaya ba don ya saya ba, sai don ya zuga wasu su ƙara. Idan tayin ɓoye ya zama abin karɓa, mai kaya ba ya ma buƙatar ɗan zuga. Ya ishe shi ya ce akwai wanda ya kira ni ya ba da kaza. Wa zai tabbatar? Wa zai ƙaryata? Malam ya yi kukan cewa gwanjon waya cike yake da masu tayin ƙarya, kuma akwai gaskiya a kukansa. Amma mai tayin ƙarya a fili ana iya gane shi, a kore shi daga zaure. Wanda ba a gani ba, ba a kama shi.

Garin Jega, wanda Buhari ɗan Malam Abdussalami ya kafa a ƙarni na 19, ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, fatake suna sauka da goro daga Gwanja. Baƙo yakan bar kayansa a hannun mai masaukinsa da dillali ya tafi ya kwanta, saboda ya san maganar da aka yi a gaban mutane ba ta sauyawa da dare. Wannan amana ce jarin kasuwa, kuma ita ce mai saye daga Anaca yake dogaro da ita yau idan ya tura miliyoyi a kan albasar da bai taɓa da hannunsa ba.

Maganar cewa albasa ba ta jira ba zan daɗe a kanta ba. Gaskiya ne tana ruɓewa a ajiya, gaskiya ne kuma lokacin kaka, wajen watan Maris da Afrilu, tana cika kasuwa farashi ya faɗi, manomi yana da bashin taki da na man injin ban-ruwa a wuyansa. Amma albasar da ta yi watanni a rudu ba za ta lalace tsakanin la'asar da isha'i ba. Wanda ke cikin matsi ya gajarta lokacin gwanjonsa, ko ya faɗa tun farko cewa duk wanda ya ba da kaza, na sallama nan take. Wannan sharaɗi ne a fili, kowa ya shiga da saninsa.

Ba mu muka fara gwanjo ta intanet ba, kuma waɗanda suka riga mu sun ci karo da wannan matsala. Kamfanin eBay, wanda aka kafa a Amurka a 1995, ya haramta wa masu amfani da shi su ja ciniki waje da dandalin. Ya bar wa mai kaya damar sa farashin sayarwa nan take ko karɓar tayi kai tsaye, amma galibi da zarar mutum na farko ya taya a gwanjon, wannan dama ta rufe. Dubi inda suka ja layin: kafin kowa ya ɗaure kansa ƙofa a buɗe take, bayan an fara tayi kuwa sai a bi fili. A Jamus maganar ta kai har babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe. Wani mutum ya sa motarsa ƙirar Passat a gwanjon eBay, farawa daga yuro 1. Wani ya taya. Bayan 'yan awanni mai motar ya janye gwanjon, ya sanar da mai tayin cewa ya sami wanda zai saya a waje a kan yuro 4,200. Mai tayin ya kai ƙara, kuma a watan Nuwamban 2014 kotun ta tabbatar da cewa sai mai motar ya biya shi diyyar yuro 5,249. Ba ina cewa mu kwafi dokar Jamus ba ne. Ina nuna wa Malam cewa mutanen da ba su karanta Risala ba, da suka zauna suka yi nazari, sun gano cewa buɗe gwanjo ɗaukar alkawari ne. A nan gida ma, da Hukumar Kwastan ta fara gwanjon kayan da ta kama ta intanet a 2017, zamanin Kanar Hameed Ali, dalilin da ta bayar shi ne a yi abin a fili, a daina rabon kaya ta bayan fage.

Saura la'ada. Ba zan wanke dillalai ba, akwai masu ci ta baki biyu, su karɓa a wajen mai kaya su karɓa a wajen mai saye, su ɓoye wa kowa gaskiyar farashi. Irin waɗannan su suka sa manoma ke jin daɗin duk wata hanyar kauce musu. Amma dillalin da ya je gona ya duba kaya, ya ɗauki hoto, ya tara masu saye da ya yi shekaru yana gina amana da su, ya tsaya a matsayin lamuni idan buhu ya isa Legas da ruɓaɓɓiya a ƙasa, wannan ya yi aiki. Mai kiran asiri a zauren dillalin ya ga kayan. A ci moriyar aikin mutum sannan a zagaye shi don kada a biya shi, cin guminsa ne, ko da manomi ne ya yi. Idan la'ada ta yi yawa, a zauna da shugabannin kasuwa a rage ta, a kuma riƙa faɗinta a fili tun kafin a buɗe tayi.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin abin da Malam ya kira kuɗin hannu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya faɗo daidai lokacin da albasar rani ke fitowa, ciniki da yawa ya koma ta tura kuɗi a waya, kuma tare da shi alat na bogi ya yawaita. Ciniki ta hoto dama cinikin biri a sama ne, abin da ke rage haɗarinsa shi ne idon jama'a. Alƙur'ani a aya ta 282 ta Suratul Baƙara ya yi umarni da kafa shaida idan an yi ciniki. A zaure, kowane tayi a rubuce yake, da sunan mai shi da lokacin da ya yi, ga mutane da dama da suka gani. Wanda ya sallama a kiran waya, idan kuɗi ba su shigo ba ko mai saye ya ce ba haka muka yi ba, wa zai kira shaida? Kuma da wane ido zai koma wa mutanen da ya goge wa hoto?

Don haka ga matsayina, Malam. Kafin a buɗe gwanjo, kowa ya je wa mai kaya ta inda ya so. Bayan an rufe, idan mai kaya ya ce albarka ga kowa, nan ma ƙofa a buɗe take. Amma tsakanin buɗewa da rufewa, mai ƙari ya faɗe shi a inda sauran suka faɗi nasu, kuma manomin da aka kira a ɓoye ya amsa da kalma ɗaya: je ka rubuta a zaure. Ina kira ga masu kula da waɗannan zauruka a Aliero, Jega da Maiyama, tare da shugabannin 'yan albasa da na 'yan dabbobi, su rubuta wannan ƙa'ida a sarari, su sanar da duk wanda zai shiga, wanda ya karya ta a yi masa gargaɗi, idan ya sake a fitar da shi, mai saye ne ko mai sayarwa. Ina kuma roƙon limamanmu su taɓo wannan babi a karatun bayan magariba kafin kakar albasa mai zuwa. Kai kuma Malam, alƙalaminka yana da masu saurare a cikin manoma, ka sake duba bayanin Imam Malik har ƙarshensa, ka gaya musu dalilin da ya sa ya halatta ƙari.